Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sammini fili a jaridarku. Na san wasiƙar za ta yi tsawo. In ta yi maka yawa ka datse inda ka ga dama, amma don Allah ka bar mini maganar madubi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani sharhi da na karanta a shafinku kwanakin baya, inda marubucin ya yi ta yabon gidajen da hukuma ke ba masu ƙaramin ƙarfi haya a Ingila, har ya ce wai ko ƙwan lantarki ne ya mutu, waya kawai za ka ɗaga a zo a sauya maka. A cikin bas na karanta, ina dawowa daga aikin dare, na yi dariya ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta juyo. Malam marubuci, Allah ya saka da alheri, amma ƙwan lantarki dai ni nake sayen abina, kuma da a kansa matsalar ta tsaya da ban dame ku da wasiƙa ba.

Ni mace ce mai 'ya'ya uku, ina aiki a gidan kula da tsofaffi a wani gari na arewacin Ingila. Tun 2014 nake zaune a hawan ƙasa na wani bene mai hawa uku, mallakar ƙaramar hukumarmu, ginin shekarun 1960. Shekara biyar na yi a layi kafin a kira ni. Ranar da aka miƙo mini mukulli, a tsakar falo na yi sujadar godiya, a kan siminti tsirara, don ko leda ba a shimfiɗa ba. Ba zan yi butulci ba. Kuɗin hayar bai kai na gidajen 'yan kasuwa ba, kuma ba wanda zai tashi da safe ya ce in kwashe kayana don ya samu wanda zai fi ni biya. A Ingila gidaje irin wannan sun kai kimanin miliyan 4, wasu na ƙananan hukumomi, wasu na ƙungiyoyin gidaje da ba riba suka sa a gaba ba, kuma iyalai fiye da miliyan 1 na kan layi suna jira. Tun 1919, bayan yaƙin duniya na farko, ƙananan hukumomi suka shiga gina su gadan-gadan. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna damar sayen gidajen da rangwame, aka sayar da kusan miliyan 2, ba a kuwa mayar da gurbinsu ba. Masu kyawun su aka fi saya. Mu da muka zo daga baya, tsofaffin benaye muka tarar.

Abu ɗaya da nake so masu karatu su riƙe shi ne, gidan nan ba kyauta ba ne. Duk mako muna biyan haya, kuma daga cikin kuɗin hayar nan ake yin gyara. Na daɗe ban gane haka ba, shi ya sa na yi shekaru ina roƙon abin da nawa ne.

A farkon 2019 aka aiko mana da takarda mai sheƙi, da hoton wata mata tana murmushi a gaban sabon murhu. Wai lokacin benenmu ya zo, za a sake wa kowa kicin da tagogi. Asalin irin wannan aiki wani ma'auni ne da gwamnati ta fito da shi a shekarar 2000, na abin da za a kira gida mai mutunci, da niyyar kowane gidan hukuma ya kai shi kafin 2010. Ana duba ko akwai abin da zai cutar da mai gida, ko ginin yana da lafiya, ko yana riƙe ɗumi, sannan ana duba shekarun kayan ciki: kicin da ya wuce shekara 20 ko banɗakin da ya wuce 30 ana lissafa shi a tsoho. Niyya ce mai kyau. Sai dai shekarun kicin abu ne mai sauƙin ƙirgawa a kwamfuta, shi kuwa bango mai ciwo sai an zo an taɓa shi.

Wani mutum ya zo da tef ɗin awo da katako uku, ya ce in zaɓi launin kabad. Na zaɓi ruwan toka. Sannan na ja shi kusurwar da ke bayan wurin wanke-wanke, na ce masa bangon nan yana zufa duk lokacin da aka kwana biyu ana ruwa, kuma in ka buɗe kabad ɗin ƙasa za ka ji wani gafi. Ya sa bayan hannu ya shafa, ya ce a bushe yake. A watan Mayu ne, an yi mako guda ba ko yayyafi. Ya koma maganar launi.

Ranar da suka ɓalle tsofaffin kabad, abin da ke baya ya fito fili. Filastar ta yi baƙi tun daga ƙasa har ƙugun mutum, in ka sa yatsa sai ta marmashe. Na kira kafintan, wani saurayi mai ladabi, sa'ar babban ɗana, na ce, "Yaro, ka ga abin da nake faɗa? Ai ba a ɗora sabon kaya a kan wannan." Ya sosa ƙeya, ya zaro takardarsa ya nuna mini. Ya ce, "Madam, ni kicin aka rubuta mini. Bango na masu gyara ne, wani sashe ne daban. Kwana biyar aka ba ni a kowane gida, in na tsaya jiran su, ni zan yi asara." Ya kankare abin da ya kankaru, ya shafa farin fenti, washegari ya kafa sababbin kabad a kai. Kicin ya fito fes. Har hoto aka ɗauka, aka ba ni takarda in sa maki a kan ko ma'aikatan sun gaishe ni kuma sun share ƙura. Babu gurbin da aka tambayi bango.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Aljihu biyu gare su. Akwai na manyan ayyukan da aka tsara tun shekaru, su kicin, banɗaki, rufi, tagogi, wanda ake ba babban ɗan kwangila ya bi gida-gida. Akwai kuma na gyaran yau da kullum, wanda sai ka buga waya ka ce famfo na ɗiga. Kowane da ma'aikatansa, da shugabansa, da lissafinsa, kuma a iya abin da na gani, ba sa ko gaisawa. Mai kicin ana auna shi da yawan kicin da ya kafa. Mai gyara ana auna shi da saurin rufe ƙorafi. Shi gidan kansa, a dunƙule, ban ga wanda aka ɗora wa nauyinsa ba.

Tagogin ma haka. Tsofaffin na katako ne, suna shigo da sanyi, amma ta nan gidan yake numfashi. Sababbin masu gilashi biyu ne, ko iskar allura ba ta ratsa su. 'Yar fankar zuƙe tururi da suka liƙa a kicin kuwa, in ka kara mata takarda ba ta iya riƙe ta. Gida ya zama tukunya da murfi.

Hunturun 2020 ne abin ya bayyana sosai. Wari ya fara, irin na tsumman da aka manta a jiƙe. Fumfuna ta ɓullo ta gefen kabad, ta ratsa zuwa ɗakin da ke bayan bangon, inda autana yake kwana. Takalman makarantarsa da ke ƙarƙashin gado suka yi kore a cikin hutun mako biyu. Yaron da bai taɓa ciwon ƙirji ba ya fara tari da dare, ƙirjinsa na fito kamar usur. Likita ya ce asma ce, ya ba mu abin shaƙa. Sau biyu na kai shi asibiti tsakar dare a wannan hunturun. Lokacin korona ne, in ka kira sai a ce gyaran gaggawa kaɗai ake yi, fumfuna kuwa ba ta cikin gaggawa. Da aka buɗe gari, sau uku suna turo mutum da jarka da buroshi. Ya wanke, ya shafa fenti, ya tafi, a rubuta an gama. Bayan mako shida ta dawo, in sake kira, in samu sabuwar murya, in faro labarin daga tushe kamar ban taɓa faɗa ba.

A zuwa na uku wata jami'a ta biyo shi. Ta tsaya a tsakar kicin ba ta ko cire safar hannu ba, ta tambaye ni awa nawa nake girki, mutum nawa ke kwana a gidan, ina nake shanya. Ta ba ni wata takarda mai hotuna: a rufe tukunya, a buɗe taga, kada a yi shanya a ɗaki, a riƙa kunna hita. Ta ce matsalar daga yanayin zamanmu ne. An bar jaki ana dukan taiki. Abin kunyar, Malam Edita, shi ne na yarda da ita. Na koma zargin kaina. Na rage girki, na riƙa barin taga a buɗe a watan Janairu muna kwana da rigunan sanyi, na ƙarar da kuɗi a ruwan bilic har hannuna ya tsage. Da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, sai ya zama ina kunna hita taga a buɗe, ina ɗumama titi.

Akwai wata dattijuwa Bahaushiya a benen da ke kallon namu, ta riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa. Ita nake kai wa kukana. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ƙanwata, ki yi haƙuri. Ƙasar mutane ce. Wanda ya ba ka wurin kwana ba ka ɗaga masa murya. Kada ki je su sa miki ido." Ni kuwa in ce, "To, Hajiya." Wannan tsoron yana cikin yawancinmu. Muna ganin ƙorafi rashin godiya ne, muna tsoron kada a ce mun cika fitina a ƙwace gidan, ko abin ya shafi takardunmu. Ga kunya: mace ba ta so baƙo ya ga baƙin bango a ɗakinta ya ce ƙazama ce, sai ta jawo kujera ta rufe wurin.

A watan Nuwamba na 2022, ina wurin aiki da dare, tsofaffina sun yi barci, talabijin na yi ƙasa-ƙasa, aka nuna hoton wani yaro mai dariya. Awaab Ishak, ɗan shekara 2, iyayensa 'yan Sudan ne, suna zaune a gida mai ɗaki ɗaya na wata ƙungiyar gidaje a garin Rochdale da ke arewacin Ingila. Ya rasu a Disambar 2020, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara biyun. Mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar fumfuna a gidansu ce ta kashe shi. Mahaifinsa ya kai ƙara tun 2017, kafin ma a haifi yaron, aka ce masa ya shafa fenti a kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an bayyana a wurin binciken cewa ma'aikatan sun ɗauka wai irin wankan iyalin da bokiti ne ke jawo laimar, ba tare da sun tambaye su ba. Na zauna a kujerar tsofaffi, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. A hunturun da yaron nan ya rasu, a shi nake zaryar asibiti da nawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Washegari na sayi littafin rubutu. Na bi wayata na tsamo ranar kowane kira, na jera hotunan bangon bisa kwanan wata, na karɓo takarda daga likita. Babbar 'yata ta taya ni bincike, muka gano dokar 1985 da ta tsara tsakanin mai gida da ɗan haya. Sashe na 11 ya ɗora wa mai gida gyaran jikin gini da wajensa, kuma ya ambaci magudanai da indararo da bututun waje ƙarara, haɗe da ruwa, gas, lantarki da abin ɗumama gida. Akwai kuma dokar 2018 da ta ce dole gidan haya ya dace da zaman ɗan Adam, in bai dace ba ɗan haya na iya zuwa kotu da kansa. Muka ga har ofishin da ke sauraron koken masu haya, wanda suke kira Ombudsman, ya fitar da rahoto tun Oktoban 2021 yana ce wa masu gidaje su daina ɗora laifin laima a kan yanayin zaman mutane. Wato lokacin da jami'ar nan take miƙo mini takardar rufe tukunya, na sama da ita sun riga sun ce a bari.

Na daina waya, na koma imel. Na rubuta a sarari cewa wannan ƙorafi ne a hukumance, ina son lambarsa. A nan na ga bambanci. Kiran waya iska ce, takarda kuwa tana da ranar da aka karɓe ta.

Mutumin da suka turo a ƙarshe dattijo ne mai furfura, yana gab da ritaya, tsohon magini kafin ya koma duba lafiyar gini. Shi da kansa ya ɗage zuwansa da kwana biyu, ya ce yana jiran ruwan sama. Ya shigo ya cire takalmi ba tare da na ce ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ke da kike kwana a nan, a ina ya fara, kuma yaushe ya fi tsanani?" A shekara huɗu ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na nuna masa. Ya kara wata 'yar na'ura a bango, tana ƙara tana sauri yayin da yake matsawa kusurwa. Ya ce laima iri uku ce. Akwai ta tururin cikin gida, da ke kwanciya a wuri mai sanyi kamar raɓa, wannan takan bi tagogi da kusurwoyin sama. Akwai mai tasowa daga ƙasa, ita ba ta cika wuce tsayin ƙugu ba. Akwai kuma mai ratsowa daga waje, alamarta ita ce tana bin ruwan sama, ta tsananta in an yi, ta lafa in an ɗauke. Ya ce, "Ai kin riga kin faɗi sunan cutar tun farko."

Muka fita cikin ruwa, yana riƙe da lema. A bayan kicin akwai tsohon bututun ƙarfe da ke sauko da ruwan indararo daga rufi. Ta gaba lafiyarsa ƙalau, har sabon baƙin fenti gare shi. Dattijon ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan madubi, bai fi na kwalliyar mata ba, ya zura shi tsakanin bututun da bango, ya ce in leƙa. A cikin madubin na ga tsaga, tsawonta ya kai taƙi guda, ruwa na tsartuwa daga ciki yana dukan bulo. Simintin da ke tsakanin bulon ya zaizaye, gansakuka ta yi kore shar a wurin da ido ba ya kaiwa. Ya ce wannan ta shekara goma tana yi, ko fiye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa muna ciki muna ta faɗa da ƙadangare.

Mutum biyu suka sauya bututun kafin azahar. Amma ɓarnar da ya yi sai da ta ci wata biyu. Aka ɓalle kicin ɗin nan mai ruwan toka, wanda bai cika shekara huɗu ba, bayan kabad ɗin ya ruɓe kamar soso, aka loda a motar shara. Aka fasa filasta har bulo, aka kawo injin busar da ɗaki yana gurnani dare da rana, muna girki a falo a kan ɗan murhun lantarki. Aka sake yaɓe, aka sake kabad, aka sa fanka ta gaske. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, an biya kuɗin kicin sau biyu saboda an ƙi duba bututu sau ɗaya. Kuɗin kuwa daga hayarmu ya fito, ni da Hajiya da sauran maƙwabta. An ba ni haƙuri a rubuce da ɗan abin da suka kira diyya. Autana har yau yana yawo da abin shaƙa a jakar makaranta.

Wani zai ce labarin gida ɗaya ne. To a tuna da benen Grenfell a yammacin Landan, mai hawa 24. An kashe miliyoyin fam ana yi masa kwaskwarima, aka gama a 2016, aka lulluɓe jikinsa da rigar aluminiyam mai roba a ciki. Mazauna sun yi ta kuka kan haɗarin gobara, har wasunsu suka rubuta a Nuwambar 2016 cewa da alama sai wani bala'i ya auku za a saurare su. Ranar 14 ga Yunin 2017, cikin azumi, wuta ta tashi daga firij a hawa na huɗu, ta kama rigar nan, ta haye benen cikin mintuna. Mutum 72 suka rasu. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike, a Satumbar 2024, ya ce duk mutuwar nan abin da za a iya kauce wa ne. Ba ina haɗa kicin ɗina da wannan musiba ba, Allah ya kiyaye. Amma hali ɗaya na gani: aiki ne da aka yi wa gini ba tare da an ɗauki mutanen cikinsa a bakin komai ba, kuma wanda ya buɗe baki aka ce fitinanne ne.

Don adalci, su ma hukumomin suna da nasu kukan. Daga 2016 gwamnati ta tilasta musu rage haya da kashi 1 cikin 100 kowace shekara har shekara huɗu. Mun ji daɗi a lokacin, ni ma na ji, amma aljihun gyara ne ya rame. Ga tsadar kayan gini, ga aikin kariyar gobara da ya hau kansu bayan Grenfell. Mu ma 'yan haya ba waliyyai ba ne. Akwai mai toshe ramin iska da tsumma, akwai mai zuba mai a magudana, akwai wanda za a yi alƙawari da shi ma'aikaci ya zo ya tarar da ƙofa a kulle. Tururin cikin gida kuma gaskiya ne, ina rufe tukunyata har gobe. Sai dai ban yarda rashin kuɗi ne ya hana a duba bayan bututuna ba. Madubin dattijon nan nawa yake? Kuma duk shekara, ba fashi, suna zuwa duba gas, da takarda ta farko da ta biyu da ta barazanar kotu in ba ka buɗe ba, domin doka ta ce kowane wata 12, kuma akwai hukunci. Ashe in sun so, sun san hanyar gidana.

Da za a tambaye ni, ba abu mai yawa zan nema ba. Kafin a kafa ƙusa ɗaya ta babban aiki, a zagaya gida ciki da waje tare da mai zama a cikinsa, a rubuta abin da ya faɗa, a fara da abin da ke hana ruwa shiga kafin a zo kan launin kabad. A kwashe ganyen indararo duk kaka, ba sai ya toshe ba. Kowane gida ya zama yana da tarihinsa a wuri ɗaya kamar katin asibiti, yadda in an wanke bango ɗaya sau uku wani zai tsaya ya ce me ya sa. Tsofaffin maƙwabtana Turawa suna ba da labarin zamanin da kowane rukunin benaye ke da mai kula da shi da ke zaune a nan, ya san kowace ƙofa da kowane famfo. Yanzu lambar waya ce da kiɗan jira.

'Yan uwa da ke zaune a irin gidajen nan a Ingila, ga abin da ya sauya. Dokar da aka sa wa sunan yaron nan Awaab ta fara aiki ranar 27 ga Oktoban 2025. In haɗarin na gaggawa ne, awa 24 gare su su duba su kawar da shi. In laima ce ko fumfuna mai barazana ga lafiya, dole su bincika cikin kwanakin aiki 10, su ba ka sakamakon a rubuce cikin kwanakin aiki 3 bayan binciken, su kawar da haɗarin cikin kwanakin aiki 5. In ba za su iya ba a kan lokaci, su nema maka wani wurin zama da kuɗinsu. Ƙorafi kuma mataki biyu ne: amsar farko cikin kwanakin aiki 10 bayan sun tabbatar da karɓa, ta biyu cikin 20, daga nan sai Ombudsman, kuma ba a biyan ko sisi. Amma agogon ba ya fara bugawa sai sun sani, don haka wanda ya jawo kujera ya rufe bango, kansa ya cuta. Akwai ma wani tsohon tsari na ƙananan gyare-gyare ga masu hayar ƙaramar hukuma, wai in an yi maka jinkiri a ba ka fam 10, da fam 2 kowace rana, kada ya wuce fam 50. Wannan kam ko kuɗin bilic ɗina bai kai ba.

Tsorona da sabuwar dokar ɗaya ne. Wa'adi abu ne da ake ƙirgawa, kamar shekarun kicin. Mai jarka da buroshi zai iya zuwa cikin kwana biyar ya wanke bango a rubuta an cika doka, bututu na can yana tsartuwa. Dokar ta ce a bi tushen matsalar don kada ta dawo, amma ɗan haya ne zai tsaya a kan wannan, ya ce a nuna masa a rubuce daga ina ruwan yake.

Makon jiya da magariba aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Hajiya ce, da mayafinta a jiƙe, ta ƙi zama. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ƙanwata, silin ɗin banɗakina ne. Tun bara yake ɗiga, na sa roba. Jikata ta fara tari." Na ce, "Hajiya, kin kira su?" Ta ce sau huɗu, da baki. Na ɗauko ragowar littafina, na buɗe sabon shafi, na ce ta faɗa mini ranar da ta fara ganin tabon. Mun tura imel ɗin a daren, an ba mu lamba. An ce za a yi ruwa ranar Asabar, kuma na riga na cire madubin da ke cikin jakar kwalliyata na ajiye a bakin ƙofa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wata mai karanta ku a kullum, daga arewacin Ingila